Kyamarar Katako a Masaƙa

Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da jaririnta. Ki shafa min kansa. Ni lafiya lau, ciwon bayan nawa ma da sauƙi, don na san shi za ki fara tambaya.

Magana ta tabbata, ƙarshen wata za a rufe masaƙa. Na ƙudurta ɗaukar hoton kowane ma'aikaci a gaban injinsa kafin a garƙame ƙofa. Babu wanda ya sa ni. Mutanen nan ni na ɗauki hotunan aurensu, ba zan zuba ido su watse haka kawai ba. Kuma da babbar kyamara nake so, mai baƙin mayafi, don ko zaren da ya maƙale a girar mutum ya fito.

Na je da tawa ta katako, kin san ba ta da nauyi. Ashe idan injuna na aiki daɓen wurin rawa yake, ita kuma sai ta taya shi. Da na wanke fim, kowa ya fito da hanci biyu. Mai gyaran kyamara ya ce zai ara min ta ƙarfe, wai ko jirgin ƙasa ya wuce ba ta motsi. Na ɗan ɗaga ta a shagonsa, nan take bayana ya tuna min da likita. Ga masaƙar a saman bene take.

Don Allah kada ki haɗa ni da babban ɗanmu. Hotunan nan sai na ɗauke su.

Mijinki mai taurin kai.

*

Maman yara,

Ina gaishe ku da kyau, ya ƙarfin jikin 'yarmu? Na ga faɗanki, na karɓa hannu bibbiyu.

Na ɗauki ta ƙarfen. A tsakiyar matakala bayana ya riƙe, na zauna daɓas rungume da ita. Ba ciwon ne ya sa ni ƙwalla ba, takaici ne. Ma'aikata biyu suka kinkime mu, ni da ita, suna tsokanata wai ita ta fi ni nauyi da hankali. Amma a sama ma sai an yi ta jan ta daga inji zuwa inji, su kuwa ba su da halin barin aikinsu.

Shugabar ma'aikatan, dattijuwar nan mai tabarau, ta tambaye ni tsawon lokacin da nake bukatar daɓen ya natsu. Na ce numfashi ɗaya. Ta ce in koma in ɗauko ta katakon.

Jiya na kafa ta a gabanta, na shiga mayafi na daidaita, na sa fim. Ta ɗaga hannu, aka kashe injuna gaba ɗaya. Maman yara, ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Babu wanda ya yi tari. Kowa ya gane shirun da zai zauna a ɗakin nan ke nan bayan sun tafi. Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ɗauka, Malam, kafin in ɓata maka hoton."

Na wanke shi da safe, ya fito tsaf, har ruwan da ya taru a idonta. Sauran ma'aikatan sun ce kowa a kashe masa injuna shi ma. Na mayar wa mai gyara ƙarfensa, gobe da sassafe zan koma, kuma ba zan sauko daga benen nan ba sai na ɗauki na ƙarshensu.

Ki gaida kowa, ki kuma sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Baban yara.