Wanda Aka Bari a Tsakiyar Ruwa

Laraba da dare, unguwar Hindawiyya

Barci ya ƙi zuwa. Bayan la'asar 'yata Safiyya ta kawo littafinta na 'yan fashin teku, na Larabci, ta ce in fassara wa Inna, mahaifiyata.

Na yi ta lalube, ban san me ake ce wa shugaban jirgi ba. Inna ta ce, "Nahuda muke ce masa. Jirgin kuma sambuk." Ban taɓa jin kalmomin nan a bakinta ba.

Muka kai inda 'yan fashin suka sauke wani mutum a tsibiri da tulun ruwa ɗaya, suka yi tafiyarsu. Safiyya ta ce, "Kada ki damu, Kaka, a irin labaran nan kullum ana komawa a ɗauko shi."

Inna ta ce, "Ba a komawa."

Ta ce tana ƙarama suka tsallako teku daga Sudan a sambuk. Zazzaɓi ya kama yayanta Idi. Nahuda ya ji tsoron cuta ta bi jirgin, ya sa aka ajiye shi a wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, maza biyu suna riƙe da mahaifinsu.

"Da aka ɗaga anga, jirgi ya tashi, Idi bai yi kuka ba," in ji ta. "Hannu yake ɗaga mana. Ya ɗauka kewayowa za mu yi."

Ashe ina da kawu, ban sani ba.

Shekara da shekaru muna kai Inna bakin teku a Jidda shan iska, ta ƙi fitowa daga mota, ta ce gwiwa ke damunta. Ni kuma in ta sayo mata man shafawa.