Murfin Idon Hagu

Glenvarra, 9 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga 'yata Ishbel,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da wannan kyanwar taku da ta fi ni cin abinci mai kyau. Mu nan lafiya, sai ruwa. Kwana tara ke nan yana zuba, har kare ya fara harara ta kamar ni na kira shi.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san aji biyar na yi malamin ya ce wa kakanki tsauni ya fi buƙatata. Da waya zan buga, to layinmu ta ofishin gandu yake bi, matar da ke zaune wurin kuwa kunnenta ya fi na barewa.

Sabon wakilin mai gandu, Mista Drummond, mai takalmin da bai taɓa sanin taɓo ba, ya kira ni ranar Litinin. Ya ce daga bana duk mai kai baƙi farautar barewa zai riƙa rataya madubin hangen nesa mai ido biyu. Gandu zai saya, ni in zaɓa. Na ce, "Yallaɓai, ai ina da bututuna na hangen nesa." Ya ce, "Kowa ya san bututunka, Alick. Baƙi suna cewa kafin ka kwanta rigingine, ka zaro shi gaɓa uku, ka jingina shi da sanda, barewa ta kai wata ƙasa." Na ce, "Baƙon da ya faɗi haka shi ne wanda ya yi atishawa ta gudu." Bai yi dariya ba. Sai cewa ya yi, "Ai 'yarka a shagon irin waɗannan kaya take aiki a Inverness, ita za ta zaɓa maka."

Uwata, ina ya san haka? Ni dai ban gaya masa ba.

Bututun nan na tagulla kakanki ne ya ɗinka masa fata da hannunsa. Shekara talatin da takwas ina kanga shi a ido ɗaya, in hango namijin barewa daga mil biyu, in ƙirga rassan ƙahonsa, in san ko ya isa harbi ko a bar shi ya ƙara shekara. Yanzu rana ɗaya an ce bai yi ba. Ni ban yarda bututun ake nufi ba. Shekarata sittin da ɗaya, gidan nan kuma na aiki ne. Ranar da aka ce Alick Matheson bai cancanci hawa tsauni ba, ranar zan ɗauki kujerar marigayiya mahaifiyarki in fita.

Wani ne ya kai magana. Ina zargin Hector, mai jan dokin da muke ɗora nama. Shekara ashirin yana tafiya a bayana kamar yadda ya kamata, bana kuma ya manne a gefena kamar kaska.

Ki taimaki ubanki. Ki aiko da mafi lalacewa a shagon, in gwada, in mayar, a huta.

Ki gaishe da Ewan. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Alick

Inverness, 14 ga Oktoba

Baba,

Na samu takardarka, na gode Allah da kake lafiya. Ewan yana gaishe ka.

Mista Drummond ya shigo shagonmu a watan jiya sayen fim ɗin kyamara, ya ga sunana a ƙirjin rigata, ya tambaya. Iyakar makircin ke nan. Ban ce masa komai a kanka ba.

Ba zan aiko da lalatacce ba. Ga guda biyu nan tafe tare da takardar nan. Ɗaya yana kusanto da abu sau takwas, ɗaya sau goma. Mai goma ya fi jawowa kusa, amma idan ka hau gangare kana haki, hoton zai yi ta rawa, ga nauyi a wuya. Mai takwas ya fi buɗe fili, kuma ya fi haske da sassafe da lokacin da hazo ya sauko. Ba wanda ya ce ka jefar da bututu. Da mai ido biyu ake share tsauni a gano inda suke, sannan a zaro bututu a duba ƙaho. Ni mai takwas zan zaɓa maka.

Sai an saita shi da idon mai shi. Ka rufe idon dama, ka juya ƙaramar ƙafar tsakiya har hagu ya ga tar. Sannan ka rufe hagu, ka juya zoben da ke kan idon dama har shi ma ya ga tar. Akwai lambobi a jikin zoben. Ka rubuto mini lambar da ya tsaya.

Wani abu kuma. Da na zo hutu a watan Agusta, sau biyu kana mayar da ni hannun damanka idan muna tafiya. Me ya sa?

Ka riƙa cin abinci mai zafi.

'Yarka,
Ishbel

Glenvarra, 2 ga Nuwamba

Uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa. An rufe farautar mazan barewa, mun shiga rage yawan matan, baƙi sun tafi da atishawarsu.

Ga kayanki nan na dawo da su. Mai goma, kwana ɗaya na rataya shi na dawo gida ina kallon ƙasa kamar wanda limamin coci ya yi wa faɗa. Mai takwas kuwa ya nuna mini duk duniya a lokaci guda, duwatsu, tumakin maƙwabta, har da wata mota a titi. Ni ba duniya nake nema ba, barewa nake nema.

Lambar zobe, rubuta sifili. Idona biyu tagwaye ne, ba sa musu da juna. Amma ki gaya mini, tun yaushe mai shago yake tambayar lambar idon mutum? Wa za a kai wa lambar? Na ga likitoci suna irin wannan tambaya da murmushi.

Batun mayar da ke dama, iska ce ke bugowa ta hagu, na kare ki. Yanzu kulawar uba ma sai an kawo shaida.

Hector ya ƙara lalacewa. Wani tari ya samu wanda ba ya tashi sai mun kusa da garke. Shekaranjiya na juya na ce, "Mutumina, ko dai ka sha magani ko ka koma bayan dokinka." Ya ce, "Dokin ya san hanya. Kai ne nake tsoron ka ɓata." Na ce, "A tsaunin da aka haife ni?" Ya ce, "A nan aka haifi tumaki ma, ga su can a rami kullum." Rannan kuma na hango shi ta bututu yana fitowa daga ofishin Drummond, hula a hannu. Da na tambaye shi sai ya ce takalman doki ya je nema. Takalman doki a ofis.

Na gaya wa Drummond ina kan gwaji. Ya ce in gama kafin sabuwar shekara.

Ki gaishe da kowa, ban da kyanwa.

Mahaifinki

Inverness, 7 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Kaya sun iso.

Kafin in aika su, na sa 'yar guntuwar farar takarda a ƙarƙashin murfin idon hagu na kowanne. Duk wanda ya ɗaga murfin, takardar za ta faɗi. Yau na buɗe, takardun suna nan yadda na sa su. Idon dama kuwa ya sha maiƙon gira da tokar lofe, har da gashin kare.

Mako biyu ka yi da madubi mai ido biyu, da ido ɗaya ka leƙa.

Na yi maka tarko, na sani, kuma ba zan ce na yi nadama ba. A watan Agusta na ga ka tsiyaya shayi a gefen kofi, ka ce teburin ne ya karkace. Bututu ido ɗaya yake so. Madubin bindiga ma ido ɗaya. Shi ya sa ba wanda ya gane, shi ya sa kake ƙin wannan.

Ban gaya wa Mista Drummond ba, ban gaya wa Ewan ba. Ba ni da kowa a ofishin gandu. Ina da uba guda ɗaya da yake hawa duwatsu masu santsi da bindiga a kafaɗa.

Tun yaushe, Baba?

Ishbel

Glenvarra, 11 ga Disamba

'Yata,

Ina gaishe ki. Na san wata guda ke nan ban amsa ba. Sau uku na fara, sau uku murhu ya karanta.

Tun lokacin haihuwar tumaki. Da farko kamar an hura numfashi a gilashin taga, yanzu kamar an manna farar takarda. Taki ma ba ta kai tawa kauri ba. Mahaifiyarki ce ta iya irin wannan tarko, ban san ta bar miki gado ba.

Da zan ci gaba da yi miki wasa, amma wani abu ya faru ranar Talata. Mun tarar da wata tsohuwar barewa mace ita kaɗai a kan gangare, haƙarƙarinta a waje, irin wadda ba za ta ga bazara ba. Na duba ta bututu, na ɗaga kai na duba da ido kamar yadda ake yi, ban ga komai kusa da ita ba. Hector ya yi tari. Na ce a raina yau sai dai ka shaƙe. Na harba, ta faɗi.

Sai ɗanta ya miƙe daga cikin ciyawa, ta hagu, taku goma daga inda take.

Kin san dokar, tun kina ƙarama kike ji. Ba a barin maraya a tsauni. Garke zai kore shi, sanyi ya kashe shi a hankali. In za a ɗauki uwa, ɗan ake fara ɗauka. Shekara talatin da takwas ban taɓa yin wannan kuskure ba, na kuma kori baƙo daga tsauni a kansa. Ɗan ya tsaya yana kallon uwar. Na sa harsashi, na kasa harbi. Hector ya karɓi bindigar ya gama aikin.

Mun zauna a kan dutse, ƙanƙara tana sauka. Na ce, "To, sai ka je neman takalman doki." Ya ce, "Kai dai jaki ne, Alick. Tun watan Yuli nake tsaye a hagunka ina tari kamar tsohuwar akuya. Maƙogwarona ya kusa tsagewa. Ka zaci ƙaunar warinka nake?" Na ce, "Ofis fa?" Ya ce, "Drummond ya so ya mayar da ni aikin shinge, na je roƙo a bar ni da kai. Na ce masa dokin ba ya jin maganar kowa sai tamu." Na tambaye shi ko Drummond ya sani. Ya ce, "Wannan? Bai san namiji da mace ba sai an cire ƙaho an nuna masa. Madubin nan wani baƙo ne ya rataya, ya burge shi."

Kin ji fa. Wata biyu ina neman maƙiyi ta bututu, ashe ba ko ɗaya. Mutum biyu ne kawai suka sani, su ne kuma na fi zargi.

Hector ya ce zai rufe bakinsa har kabari. Na yarda zai iya. Amma ni ba zan sake kwanciya bayan bindiga ina jiran tarin wani ba. Jiya na sa rigar coci na je ofis na gaya wa Drummond komai, har da ɗan barewar. Ya daɗe yana juya biro. Ya ce Hector zai ƙarasa rage matan bana, ni in je a duba idon. Gida yana hannuna har watan Yuni. Idan mata sun haihu za mu hau tare, a ƙirga 'ya'ya a gabansa, daga nan ya yanke.

Ki nemo mini likitan. Mai hannu, ba mai murmushi ba. Mai takwas ɗin kuma ki ɓoye shi a ƙarƙashin kanta, kada ki sayar.

Ki yafe wa ubanki.

Alick

Inverness, 15 ga Disamba

Baba,

Na gaishe ka. Likita ya ce ga dukkan alama yanar ido ce, kuma ana cire ta. Zai gan ka ranar tara ga Janairu. A gidanmu za ka sauka, kyanwa za ta ba ka kujerarta. Ka zo da Hector, a duba masa maƙogwaro.

Mai takwas yana nan. Ban cire takardar ba.

'Yarka,
Ishbel

Glenvarra, 24 ga Yuni, 1989

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Idon da aka cire wa yana ya warke. Mun hau jiya, mai takwas a wuyana, ni da Hector da Drummond, takalminsa ya san taɓo.

Barewa mata goma sha huɗu. Hector ya ce 'ya'ya takwas. Na ce tara. Drummond ya duba ya ce takwas. Muka zauna muna jira, ƙwari suna cinmu. Can sai na taran ya ɗaga kunne daga cikin ciyawa, can ƙarshen hagu.

Drummond ya ce in shirya, baƙin farko za su iso a watan Agusta. Kujerar mahaifiyarki tana inda take.

Lambar zoben biyu ce. Takardar murfin hagu tana cikin hulata.

Amma ina zargin Hector ya ga na taran tun farko. Bai yi tari ba, kuma ya ƙi kallona.

Mahaifinki,
Alick