Sun ce aljani ne ke tuƙa jirgina na kara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a sakaya sunana, ko da yake duk ɗan Matamaye zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kai ni wuya.

Ni tela ne, magidanci. In na tashi daga kan keke, ƙananan jiragen sama nake ƙerawa da totuwar kara da leda shara-shara, sai siririyar roba da ake murɗawa ta juya farfela. Ba inji ba batir, ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya kife. Gwanintar ita ce ya daɗe a sama yana zagaye, kuma sai a ɗaki mai dogon rufi inda iska ba ta shiga. Wuri ɗaya gare mu haka, tsohon siton gyaɗa da aka gina da aikin tilas farkon zuwan Faransa, yanzu yana hannun kawuna, shi ya ba ni makulli. Tun muna yara ake cewa akwai mutanen ɓoye a ciki.

In na shiga dole in rufe ƙofa in toshe taga da tsumma. Ina ƙirga murɗin roba bakina na motsi, in fiffike ya karkace in hura masa numfashi ya yi laushi in lanƙwasa, tafiya ma sanɗa nake yi. Ashe wani mai awo ya leƙa ta hudar ƙofa, ya je kasuwa ya baza cewa ya gan ni ina tofi, abu ya tashi shi kaɗai yana kewaya kaina.

Da farko dariya na yi, har wata tsohuwa ta zo shago ta ce, "Malam, a aiki tsuntsun nan ya gano mini akuyata." Amma da na ga na kusa da ni a masallaci yana barin tazara a sahu, wallahi raina ya ɓaci.

Sai na ce kowa ya zo ya gani da idonsa. Bayan la'asar kawu ya zo da mutum wajen goma sha biyar, suka ce ba mai rufe su a ɗakin nan. Ga ƙofa a hangame, ga manyan riguna, ga mai fifita da hula. Jirgin da ke yin minti huɗu ko zagaye ɗaya bai yi ba ya faɗo a kafaɗar kawu, kuma daidai lokacin da wani ya yi a'uziyya! Na yi ta bayani iskarsu ce ta kayar da shi har muryata ta dishe, mai awo ya ce ai kowa ya ga abin da ya kori aljanin.

Yanzu kawu ya ce in ƙone jiragen in mayar masa da makulli. Matata ma ta ce in ƙone mu huta. Shekara uku fa na yi ina aske kara kafin in kai minti huɗun nan, kuma ƙonawa ai amsa laifin da ban yi ba ne. Da na yi ta roƙo, kawu ya yarda ranar Juma'a zai shiga shi kaɗai a rufe ƙofa ya gani.

To nan ne na rasa ta cewa. In jirgin ya faɗi za a ce aljanin ya gudu, in kuma ya tashi lafiya lau a ce ya dawo. Jama'a, wanne zan roƙi Allah ya yi?