Takardar da Kika Turo In Gyara Miki

Zuwa ga ƙawata Sa'adiyya, a Bur Sudan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, na ga saƙonki na ranar Talata, na kuma karanta takardar da kika haɗo.

Kin tuna farkon samun aikinki na sakatariya a ƙungiyar agajin nan ta Khartum? Raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta sauke ki a ƙofarmu a Umbadda, ido ya yi jawur. Shugabanku ya ja layi ƙarƙashin kalmar advice a takardarki, wai advise ya kamata, a gaban mutane. Na zaunar da ke a tabarma kamar ɗalibaina, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, su accept da except, su affect da effect. Inna takan ajiye mana shayi ta ce, "Wannan Turancin naku sai ya cinye muku la'asar."

Tun daga ranar, babu takardar da ta bar hannunki ba ta bi ta nawa ba. Ana yaba miki, ina murna, wallahi har zuciyata.

Yaƙi ya zo, ofishinku ya kwashe ku zuwa Bur Sudan, makarantarmu ta rufe. Har yau sai na taka zuwa bakin titi kafin waya ta kama, amma ban taɓa ce miki babu hali ba.

Abu ɗaya tak na roƙe ki. Da aka ƙara miki girma, na ce ki ambaci sunana a kujerar da kika bari. Kika ce, "Haba, wa gare ni in ba ke ba?"

To, takardar Talata ta wannan kujerar ce, kuma sunan ƙanwar mijinki ne a ciki. Har kin rubuta ba ki san wadda ta kai ta iya Turancin ofis ba. Sa'adiyya, ni kika turo wa! Ko kin saba ne har kin manta mutum ke karantawa?

Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na gyara, wuri huɗu ne, don ba na so a yi miki dariya. Ke ce kika rungume ni ranar da Inna ta rasu, wannan ba ya goguwa.

Allah ya tsare ku, ya sa yarinyar ta riƙe aikin, ni kuma ya buɗa mini ta inda ban zata ba. Takarda ta gaba, ki miƙa mata ta gyara.

Taki har kullum,
Hawwa