Zuwa ga Yaya Asabe, mai jita

Yaya Asabe,

Sallama da gaisuwa. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kabarinki ban sani ba. Maza suka kai ki, suka dawo suka ce an gama.

Unguwarmu Tandabawi tana nan. Ana ta rushe gidaje wajen Harami, amma ba a iso mu ba. Mijinki Malam Idi ya koma shagon ɗinkinsa. Bana ni kaɗai na je Arfa dafa wa alhazai shinkafa. Na dafa, na raba, na wanke tukwane. Ko zafin ranar ban ji ba.

Muna dawowa daga Muzdalifa direban bas ɗinmu ya kama rera waƙarki ta jirgin ruwan da ke tasowa daga Sawakin ta Sudan. Ya mai da baitocin Larabci, amma karin naki ne. Na tambaye shi ta wace ce, ya ce ta wata Batakrura ce, wato baƙar fata irinmu, yana jin a Jidda take. Ban gyara masa ba.

Kin tuna bikin da kika fara fito da jitar da kika taho da ita daga Sudan? Tsofaffi suka ce kayan maza ne, suka juya miki baya. Kika miƙe tsaye kina kaɗa ta kamar mai jin haushinta. Kafin a watse su ke neman ƙari. Yanzu duk bikin da aka yi a unguwa, a tsaye 'yan mata ke waƙa, suna buga ƙafa irin naki. Wasunsu ba su taɓa ganinki ba.

An gayyace ni wani biki, na je da gangata, na yi waƙoƙinki. Mata suka yi ta kuka, har amarya. Ni ina ta kallon fanka tana juyawa. Me ya same ni, Yaya? Ni na yi miki wanka, ni na ɗaure miki haɓa, har yau hawaye bai zo ba.

Shekara da shekaru ina bayanki ina kiɗa, ban taɓa ce miki kin iya ba. Sai dai in ce kin yi sauri. Kin iya, Yaya.

Malam Idi ya so a fitar da jitar daga gidan, wai mutane na magana. 'Yarki Maryam ta ce sai dai a fitar da su tare. Ya ƙyale. Kin san ba ta jin Hausa sosai, shi ya sa take zuwa da la'asar in fassara mata baitocinki. Jiya ta tambayi ma'anar wanda kika yi wa Innarmu da muka binne a hanyar Cadi. Na buɗe baki, Larabcin ya ƙi zuwa. Na ce ta dawo gobe.

Ga ta nan tana sallama. Me zan ce mata?

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kin huta.

Ƙanwarki mai yi miki kiɗa,
Hauwa