Kakar Cikin Waya

Zuwa ga Maigida marar cefane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da kwamfutar da ta hana ka zuwa gaishe ni. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata, ita kuwa ta ce ba ta gaishe ka.

Saƙonka ya iso. Matar Baffanka ta karanto min: wai duk wanda yaransa ke amfani da manhajarku ta koyon karatu, wadda kuke bayarwa kyauta, ya taimaka ya faɗi ra'ayinsa, ya danna taurari. Ni da ka zaunar a ɗaki, ka rufe taga, ka kashe fanka, ka sa ni jero kalmomi a bakin na'ura har maƙogwarona ya bushe, ni ma sai na danna tauraro? Ban iya ba. Biro na iya. Zan rubuta, ita ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Ra'ayina na farko, muryar tsohuwar nan ta ciki ta yi daɗi. Ko wace ce, a gaishe ta.

Na biyu labarin ƙanwarka ne, autar Baffanka, Aku sarkin surutu. Ranar da uwarta ta kunna mata, hoton kaza ya fito, muryata ta ce, "Mene ne wannan?" Yarinya ta dube ni, ta dubi wayar, ta juya ta leƙa bayanta.

Ta ce, "Kaka, ta ina kika shiga?"

Na ce, "Ta ramin caji. In na tsuke cikina ina wucewa."

"To wace ce wannan a zaune?"

Na ce, "Ni ce. Rabina na ciki, rabina na waje. Abin da kika faɗa mata ni nake ji, abin da ta faɗa miki ni na faɗa."

Ta yarda ɗari bisa ɗari. Yanzu ba ta bari uwarta ta sa wayar a caji sai da rigima, wai wuta za ta ƙona ni. Jiya na tarar ta lulluɓe ta da tsumman goge tebur saboda sanyi.

Abu ɗaya ne bai yi min ba. Daga ɗakina ina jiyo kaina ina ta cewa "A'a, sake. A'a, sake," kamar wata mafaɗaciyar maƙwabciya. Sau ɗaya na faɗa maka ita, me ya sa take ta fitowa?

Ka ci abinci. Allah ya yi maka albarka.

Kakarka

*

Zuwa ga Uwargida,

Amin wa alaikumus salam. Ranki ya daɗe, na ga wasiƙa, na karanta wa abokan aikina, har wani ya ƙware da shayi don dariya. A gaida gwiwa duk da haka.

Wannan "A'a, sake" ita ce ƙashin bayan aikin, Kaka. Manhajar tana sauraron yaro. In ya faɗi sunan hoton daidai, ki ce "Madalla," a wuce gaba. In ya kuskure, ki ce ya sake. Sauran manhajoji nuna hoto kawai suke yi, tamu ce ke ji. Wata malama da yara suka cika ajinta har baranda ta rubuto mana cewa yanzu kamar ta sami mataimakiya.

Ƙarshen watan nan shugabannin makarantu za su zauna su yanke ko za a sa manhajar a duk makarantunsu. Shi ya sa nake roƙon ra'ayin mutane. In kin yarda, zan karanta wasiƙarki a taron, musamman wajen ramin caji.

Ki gaida Baffa da Aku.

Jikanki

*

Jikana,

Ina gaisuwa. Kada ka karanta wasiƙata a gaban kowa.

Ka san Aku na da tsamin baki. "Ra" ba ta zauna mata ba tukuna, "la" take fitowa. Mu a gida ba ma ko lura, don kafin ka lura da kalma ɗaya ta zubo maka goma.

Ta ci hotunan farko duka, tana ta samun madalla tana rawa. Sai aka zo kan hoton riga. Ina ɗaki ina tsefe kai, ina jin su a falo.

Ta ce, "Liga."

Na ce daga cikin waya, "A'a, sake."

Ta ƙara murya. "Liga."

"A'a, sake."

Ta faɗa a hankali, ta faɗa da ƙarfi, ta faɗa da lallashi irin yadda take yi in tana son in ba ta labari. Ba a wuce hoton ba. Can na ji shiru. Sai ga ta a bakin ƙofata, ta riƙe labule. Ta ce, "Kaka, me na yi miki?" Na ɗauka wasa ne, na ce ta je ta tambayi ta ciki. Ta saki labulen ta tafi. Da na fito na ga wayar a kife a kan kujera.

Tun ranar ba ta ce min uffan ba. Yarinyar da nake toshe kunne saboda ita. In na shigo falo ta koma kicin, in na bi ta kicin ta shige bayan uwarta. Uwar ma da yatsa take nuna mata abin da take so. Malamarsu ta aiko tambaya ko ba ta da lafiya, wai an kira sunanta a aji ta ɗaga hannu kawai.

Na zaunar da ita na ce wasa nake yi, babu kowa a waya, murya ce yayanki ya ɗauka. Ta kalli bakina har na gama, ta tashi. Daga baya ta raɗa wa uwarta, "Ai Kaka ta ce abin da ta ciki ta faɗa ita ta faɗa." Ni na saba mata da labarin kura mai saka takalmi da akuya mai tuƙa mota. Yau na zo da gaskiya, ta rasa a wane kwando za ta sa ta.

Na gwada abin da kaina. Na cire haƙoran robana na ajiye a kofi, na ce "riga." Tsohuwar nan ta ce min a'a, in sake. Ni da muryata. Na yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Ka cire kalmar nan. Ra'ayina ke nan.

Kakarka

*

Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Raina ya ɓaci da jin halin Aku. A ɗauke mata wayar gaba ɗaya, yara ba sa riƙe abu, za ta warware.

Amma cirewa yanzu ba zai yiwu ba. Wanda ya haɗa mana ɓangaren sauraron taimako yake yi a lokacin hutunsa, kuma ya yi tafiya. In na taɓa shi ni kaɗai, ina iya lalata komai ana gab da taro. In kuma na kashe shi, me zan nuna wa shugabannin? Hoton kaza? Akwai yaran da babu mai zama da su ya ji karatunsu, ba a gida ba, ba a makaranta ba. Wannan ce kaɗai za su samu. Mutane da yawa sun rubuto, kusan duka yabo ne, ba wanda ya kawo irin wannan kuka.

Ki ba ni zuwa bayan taro, na yi alkawari zan gyara.

Kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na'ura ba ta ce wa Aku ke ce a ciki ba. Ba ni na gaya mata maganar ramin caji ba.

Jikanki

*

Jikana,

Na amsa gaisuwa. Maganarka ta ƙarshe ta shiga, kuma ta zauna inda ka aika ta. Ban musa ba. Bakina ne ya ɗaura rabin wannan kaya, ina ɗauke da shi. Ɗaya rabin fa?

An ɗauke wayar tun kafin ka faɗa. Ga abin da ya biyo baya. Muna cin abinci a ƙasa, kyanwa ta miƙo kai cikin kwanona, na ce mata, "A'a." Kyanwa fa. Aku tana can gefe, cokali ya faɗi daga hannunta, ta rufe bakinta da tafin hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Baffanka ya tashi ya bar abincin. Ya ɗauki waya zai kira ka, na riƙe masa riga, don na san abin da zai fito daga bakinsa ba mai komawa ba ne. Yanzu a gidan ɗana ina tauna magana kafin in fitar, ina zagaye kalma ɗaya kamar mai zagaye rami.

Ka ce ba wanda ya kawo kuka. Iyaye ka tambaya. Ni ma da ka tambaye ni a farko ai yabo na aiko, har da ban dariya. Wanda ya kifa waya ya tafi bai iya rubutu ba tukuna, shi ya sa aka ba shi ita.

Ban san aikinku ba, ban san abin da ke lalacewa in an taɓa ba. Yaran da ka ce ba su da mai sauraronsu, na yarda akwai su, kuma sun hana ni sukuni tun da na karanta. Amma muryar tawa ce. Aro na ba ka, don na ɗauka labari za ta riƙa ba yara. Ba zan iya zama a nan ina sanin a wani gida ina ce wa ɗan wani a'a, ba fuska, ba dariya, ba gajiya, har sai ya yi shiru ba.

In ba za ka iya cire kalma ɗaya ba, ka cire ni duka. Ka maido min da muryata kafin taronku. In ka je da ita a haka, ka je, ba zan yi maka baki ba. Amma kada ka ƙara rubuto min Uwargida.

Allah ya shirya mu baki ɗaya.

Kakarka

*

Kaka,

Barka da war haka. Na jinkirta amsa don ban san me zan ce ba.

Na je ajin malamar da na ba ki labari, na zauna a benci na baya. Yawancin yaran suna jin daɗin manhajar sosai, wannan gaskiya ne, na gani da idona. Amma akwai wani a gefen taga, in wayar ta zo hannunsa sai ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya kalle ta ba. Na tambayi malamar, ta ce ai shi dama ba mai magana ba ne. Na ce tun yaushe? Ta buɗe baki, sai ta tsaya tana tunani.

Na cire muryarki duka, na kashe sauraron. Haka na je taron, da hotuna da rubutu. Sun saurare ni cikin mutunci, suka ce a dawo baɗi in an gama gyara. Biyu daga abokan aikina ba sa yi min magana. Malamar ma ta kira, ta ce na ɗauke mata mataimakiya, me za ta yi da yaran baranda?

Ban rubuto don a yaba min ba. Yaya Aku?

Jikanki

*

Maigida,

Ina gaisuwa, gwiwa ma ta ce a gaishe ka.

Ɗazu da hantsi ina zaune da kwandon wanki a gabana, hadari ya hana ni shanya. Sai ga Aku a bakin ƙofa. Ta daɗe a tsaye. Ta ce, "Kaka, lana ta fito." Ta kafe bakina da ido, kafaɗunta a ɗage, tana jira.

Na ce, "To me muke jira? Kama min kwandon."

Ta kama. Muka fita, tana miƙo min kaya ina shanyawa. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma ban nema ba. Amma da muka gama ba ta koma kicin ba. Tana nan zaune a kan ƙafata mai ciwon, shi ya sa rubutun ya karkace.

Ka ce wa malamar nan ina gaishe ta, kuma ban manta da yaran baranda ba. In ka sami hutu ka zo da na'urarka, mu zauna mu ga abin da ya kamata tsohuwa ta ce wa yaron da ya kuskure. Ni ma ban san abin faɗar ba tukuna. Kada ka zo wannan makon, bari bakin Aku ya gama buɗewa.

Kakarka