Kujera ta Talatin da Huɗu

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu, kamar yadda muke a nan. Yaya aikin asibiti? Har yanzu kujerunsu suna barin ƙafafunki suna lilo? Na sha gaya miki, gajartar nan ba daga wajena kika ɗauko ta ba. Mamanki tana gaishe ki. Ga ta nan a gefena tana faɗa mini abin da zan rubuta, sai ka ce ban taɓa shiga aji ba.

Bayan haka, albishirinki: babanki ya shiga gwamnati. Kada ki yi guɗa, ba minista aka ba ni ba, kujeru aka ba ni. Kin san tun da tsibirinmu ya samu mulkin kansa bara, aka zaɓi wakilai su rubuta kundin tsarin mulki. A tsohon siton kifin nan na bakin tasha suke zama, kan bencinan da aka aro daga makaranta. Ki ga manya da furfura, gwiwa tana neman taɓa haɓa. Shi ne magatakardansu ya zo shagona ya ce in yi musu kujeru.

To ni ba na buƙatar rediyo kafin in san inda aka kwana a maganar mulki, daga odar katako nake ganewa. Da farko ya ce ashirin da huɗu, don majalisar unguwanni: unguwa goma sha biyu, kowace wakili biyu. Bayan kwana huɗu ya dawo yana haki, ya ce in ƙara tara, an yi majalisa ta biyu ta masu sana'a, masunta da manoma da 'yan fito da matan kasuwa da sauransu. Ba dokar da za ta wuce sai majalisun biyu sun yarda. Alƙalai uku kuma benci ɗaya na yi musu, wai don ko sun yi faɗa dole su zauna kafaɗa da kafaɗa.

Kujerar shugaba ce ta ba ni haushi. Na zuba mata basira, majingini dogo, hannuwa da sassaƙa, har maƙwabta suna leƙowa kallo. Sai ga magatakarda: an yanke cewa daga cikin wakilai za a riƙa zaɓen shugaba, shekara biyu kawai, ba tazarce, kuma kada kujerarsa ta fi ta kowa ko da ɗan yatsa. Da hannuna na sa zarto na sare aikin mako guda. Mamanki ta ce ni ne mutum na farko da ya rage wa shugaba girma a ƙasar nan, in yi alfahari.

Akwai ƙa'idarsu guda da ta burge ni. Masunta sun yi ƙorafi cewa ana jira su fita teku a yanke hukunci a bayansu. Don haka aka rubuta cewa ba a kaɗa ƙuri'a muddin akwai kujerar da ba kowa a kai. Ko mutum ɗaya ne ya fita kama ruwa, sai a jira shi.

Ki shafa mini kan yaran. Ki ce wa babban cikinsu, dokin katakonsa yana nan a rataye.

Naki,
Babanki Kafinta

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Wasiƙarki ta iso, da hoton yaran. Ƙaramar cikinsu, hancina ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Ciwon bayan da kika tambaya da sauƙi, ina shan maganin idan na tuna.

Na daɗe ina juya alƙalami kafin in fara, don maganar yau ba ta dariya ba ce. Akwai sashe na goma sha tara a kundin. Ya ce duk ɗan tsibirin da ya yi shekara goma a waje bai dawo da zama ba, za a cire sunansa daga rajista. Ba zai yi zaɓe ba, ba zai gaji fili ko gida ba, idan ya zo kuma baƙo ne, da takardar izinin wata uku. Ke kuwa a watan gobe kike cika tara.

A rediyo muka ji. Mamanki tana tsintar shinkafa, sai na ga ta ajiye tiren ta shiga ɗakinki ta turo ƙofa. Ban bi ta ba.

Ba zan ɓoye miki ba, masu wannan magana ba mugaye ba ne. A layinmu kaɗai gida bakwai ne a kulle, ciyawa ta cinye tsakar gida, masu su suna can ƙetare. Ɗan maƙwabcinmu kuwa ya yi aure yana zaune da amarya a ɗakin ajiyar ubansa. Tsibiri ba ya miƙewa kamar roba. Na san haka. Amma na kasa gane yadda yarinyar da aka yanke wa cibi a ɗakin nan, wadda ta koyi tafiya tana riƙe da ƙafar teburin aikina, za ta tsaya a tasha tana nuna takarda kafin ta zo kabarina.

Ban rubuto don ki ajiye aiki ki taho ba. Yaran suna makaranta, maigidanki yana da nasa aikin, kuma asibitinmu ba shi da gurbin irin karatunki. Na rubuto ne don kada ki ji a bakin wani. Ranar Laraba ta sama majalisun biyu za su haɗu a zaure ɗaya su kaɗa ƙuri'a a kai, kuma an ce masu goyon baya sun fi yawa. Ranar Talata zan kai musu kujerunsu.

Ina kewarki, Uwata. Ban saba faɗa ba, yau na faɗa.

Naki,
Babanki

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa irin ta kullum, da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya lau, sai dai mamanki muryarta ta dishe saboda ba da labari. Ta hana ni sakat, wai in bari ita ta rubuto. Na ce labarina ne.

Ranar Talata na kai kujeru a amalanke, sawu biyar, na jera su da kaina. Magatakarda yana ta fama da takardu, ya sa hannu bai ko ɗago kai ba. Ranar Laraba ina shago ina goge wani tebur sai ga ɗan sanda, wai majalisa tana nemana. Haka na tafi da garin katako har a gira.

Ashe da kowa ya zauna, tsohon alƙalin da ke jagorantar zaman ya ɗaga kai zai kira ƙuri'a, sai ya hango kujera ɗaya a ƙarshen layi ba kowa. Ya ce a jira mai ita, ƙa'ida ce. Aka jira. Aka leƙa bayan gida, aka leƙa tasha. Magatakarda ya kira suna sau biyu, mutum talatin da uku duk suka amsa. Nan ne aka ƙirga kujeru aka samu talatin da huɗu.

Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni ko kuskure na yi. Kin san ni, Uwata, ko a ɗaurin aure ba na iya magana, amma ranar na buɗe baki. Na ce masa kujerar tana da mai ita, tafiya ta yi. Na ce ni ban iya doka ba, amma na ji sun rubuta cewa ba a yanke wa mutum hukunci yana teku, kuma 'yata ma tekun ta ƙetare, nisanta ne kawai ya fi na masunta.

Wani wakilin unguwa ya miƙe ya ce a fitar da ni da kujerata, wannan raini ne. Har ɗan sanda ya kama kujerar. Sai wakiliyar matan kasuwa, mai sayar da gishirin nan da kike tsoro kina ƙarama, ta ɗora jakarta a kai ta ce a taɓa a gani, ɗanta ya shekara goma sha ɗaya a waje yana aikin jirgi. Shugaban masunta ya ce ƙanwarsa ma. Shi kansa mai cewa a kore ni, da aka matsa, ashe tagwayensa suna waje. Zaure ya kaure, aka tashi ba ƙuri'a.

Kwana uku suna gardama, jiya aka gama. Ba za a cire sunan kowa ba. Gidan da ya shekara goma a kulle, unguwa za ta sa masu buƙata a ciki har mai shi ya dawo, kuma ni ban ga laifin wannan ba. Sannan aka ƙara layi ɗaya: majalisa tana da kujera talatin da huɗu, ta ƙarshe ta 'yan tafiya ce, ku za ku zaɓi mai zama a kai ta hanyar wasiƙa. Kafin ku zaɓa, ba mai taɓa wata doka da ta shafe ku. An ci ni tarar share zauren na mako guda saboda ɓata wa majalisa lokaci. Ina sharewa ina waƙa.

Mamanki tana gaya wa mutane wai tsufa ne ya sa na kasa ƙirga. Ki bar ta, kare ni take yi. Shekara arba'in ina wannan sana'a ban taɓa yin kuskuren ƙafar kujera ɗaya ba. Tun ranar da ta shiga ɗakinki ta turo ƙofa na ware katakon.

Akwai abin da ko ita ban gaya wa ba. Magatakarda ya yi ƙorafi cewa kujerar ta fi sauran gajarta da yatsa huɗu, in zo in gyara. Na ce masa katakon ne ya ƙare. Ƙarya nake. Zanen tsayinki yana nan a jikin ƙofar shago, na ƙarshen da muka yi ana gobe za ki tafi, da shi na auna. Ban ce ki nemi zaɓe ba, wannan ruwanki ne. Amma duk ranar da kika zo, zan roƙi mai gadi ya buɗe mana zauren ki zauna ko na minti ɗaya ne, in ga ƙafafunki sun daina lilo.

Ki gaishe da maigidanki da kyau, ki sumbaci yaran. Allah ya yi miki albarka, ya nuna mini ranar.

Ni ne mai jiranki,
Babanki Kafinta